Makonnin Ƙarshe Kafin Yankan Riɗi: Yadda Manomin Damagum Ke Lura da Gona da Sararin Sama

Daga tsakiyar watan Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, manomin riɗi a Damagum da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya riga ya ajiye fartanya. Ya yi shuka, ya yi noman firi da maimai, ya rage tsiro, ya zuba taki idan ya samu hali. Duk da haka, a wannan lokaci ne ya fi yawan zarya zuwa gona, safe da yamma, domin a cikin waɗannan 'yan makonni ake sanin ko wahalar damina za ta shiga buhu ko kuwa za ta zube a ƙasa. Hausawa sun ce aski idan ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma kaɗan ne daga cikin amfanin gona suka kai riɗi gaskata wannan magana.

Wannan bayani ya duba abin da ke faruwa a gonar riɗi gab da yanka, alamomin da manomi ke bi, rawar da yanayi ke takawa, da kuma dalilin da ya sa kuskuren kwana uku ko huɗu kan shafi farashin da za a saya a kasuwa.

Damagum da noman riɗi

Damagum ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fune a Jihar Yobe, kuma mazaunin Masarautar Fune. Tana gabas da Potiskum, a kan babbar hanyar da ta nufi Damaturu. Yankin na da jigawa mai rairayi, damina kuma gajeriya ce: ruwa kan zauna a watan Yuni ko farkon Yuli, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Irin wannan ƙasa da irin wannan damina sun dace da riɗi, wanda ke jure ƙarancin ruwa fiye da masara, amma ba ya jure kwanciyar ruwa a gindinsa ko da na kwanaki kaɗan ne.

A da, riɗi abin gefen gona ne, ana shuka shi domin miya da kantu da ɗan man da za a yi amfani da shi a gida. Yanzu ya zama amfanin kuɗi. Yobe na cikin jihohin da suka yi fice wajen noma shi, tare da Jigawa da Nasarawa da Binuwai da Bauchi, kuma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun daɗe suna sanya shi cikin manyan kayan gona da Nijeriya ke fitarwa, tare da koko da kashu. Riɗin da aka auna a kasuwannin Damagum da Ngelzarma da Potiskum kan bi ta hannun dillalai zuwa kasuwar Dawanau ta Kano ko kai tsaye zuwa Legas, daga can kuma zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. Gwamnatin Jihar Yobe ta kuma gina masana'antun tace riɗi a Potiskum da Damaturu da Nguru da Machina.

Dalilin da ya sa riɗi ba ya jira

Gero da dawa kan nuna kusan a lokaci ɗaya, kuma zangarniya na iya yin kwanaki a tsaye ba tare da ta zubar da tsabarta ba. Halin riɗi daban ne. Yakan fara fure kwana 35 zuwa 45 bayan shuka, kuma furen kan soma ne daga ƙasan kara, yana hawa sama mako bayan mako. Saboda haka kwanson da ke ƙasa ya girmi na sama da makonni. Lokacin da na ƙasa ya ƙosa, na tsakiya yana kan hanya, na can ƙoli kuwa bai gama cika ba.

Matsala ta biyu ita ce kwanson riɗi kan tsage da kansa da zarar ya bushe. Kowane kwanso na ɗauke da ƙwayoyi masu yawa, galibi daga 50 zuwa 80, kuma ƙanana ne ƙwarai, har ƙwaya dubu ba ta wuce nauyin giram uku ko makamancin haka ba. Idan kwanso ya buɗe baki, iska kaɗan ko taɓawar hannu ta isa ta zubar da abin da ke ciki, kuma abin da ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan.

Daga nan ne tsaka mai wuyar manomi ta samo asali. Idan ya yi gaggawar yanka, ƙwayoyin sama ba su cika ba: za su fito shafal, marasa nauyi, masu ƙarancin mai, wasu kuma su bi iska wajen sheƙa. Idan ya yi jinkiri domin jiran na sama, na ƙasa, waɗanda su ne mafi cika da nauyi, za su zube. Babu ranar da duk kwanson da ke kan kara zai nuna tare. Abin da manomi ke nema shi ne ranar da asara ta fi ƙanƙanta.

Masu bincike sun daɗe da sanin wannan matsala. A 1943, wani masani mai suna Langham ya gano wani nau'in riɗi a ƙasar Venezuela wanda kwansonsa ba ya tsagewa, kuma daga baya aka samar da irin da ake girbewa da inji a Amurka. Sai dai irin da ake nomawa a Nijeriya, kamar akasarin na Afirka da Asiya, mai tsagewa ne, da lauje ake yankansa, kuma idon manomi ne ma'auninsa.

Lissafin kwanaki da alamomin nuna

Abu na farko da ke taimakon manomi shi ne sanin ranar da ya yi shuka da kuma irin da ya shuka. Yawancin irin da ake samu a Arewa kan nuna tsakanin kwana 90 zuwa 120. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja, wadda ke da alhakin inganta riɗi, ta fitar da jerin iri masu suna NCRIBEN, wasu masu saurin nuna, wasu masu jinkiri. Akwai kuma tsofaffin iri irin su E8 da Ex-Sudan, wanda ya yaɗu a Arewa maso Gabas saboda saurinsa. Wanda ya shuka iri mai kwana 90 a ranar 10 ga Yuli, ya san cewa daga farkon Oktoba ya kamata hankalinsa ya koma gona, domin lissafinsa zai cika a ranar 8 ga watan.

Lissafi jagora ne kawai. Fari a tsakiyar damina kan sa riɗi ya yi saurin nuna, yawan ruwa da taki kuma kan tsawaita furensa. Idan iri gauraye ne, kamar yadda ake yawan samu a wanda aka saya da kwano a kasuwa, to gona ɗaya za ta nuna kashi-kashi. Shi ya sa manomi ke komawa ga alamomin da ke jikin shukar.

Alama ta farko ita ce tsayawar fure a ƙolin kara. Ta biyu, ganyen ƙasa ya yi ruwan ɗorawa ya fara kaɗewa, har karan ya soma bayyana. Ta uku, kara da kwanso su sauya daga kore shar zuwa fatsi-fatsi, abin ya faro daga ƙasa. Ta huɗu, wadda ta fi kowace tabbas, ita ce a ɓare kwanson ƙasa da na tsakiya a duba: idan ƙwayar ta yi tauri, ta ɗauki launinta na asali, ba ta fitar da ruwa idan an matsa ta da farce, to ta ƙosa. Malaman gona kan ba da shawarar a yanka idan kimanin kashi uku cikin huɗu na kwanson ya sauya launi, tun kafin na ƙasa ya buɗe baki.

Gogaggen manomi ba ya tsayawa a bakin gona ya yanke hukunci. Yakan ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa, domin tudu kan riga kwari nuna, gefen da ke ƙarƙashin inuwar bishiya kuma kan yi jinkiri. Sau da yawa mafita ita ce a yanka gonar kashi biyu ko uku, kwanaki kaɗan a tsakani.

Duban sama

Rabin hankalin manomi na kan shuka, ɗaya rabin na kan gajimare. A ƙarshen damina, layin da iskar teku mai laima daga kudu maso yamma ke haɗuwa da busasshiyar iskar Sahara kan fara ja da baya zuwa kudu. Kafin ya wuce, ruwan da ake samu ba irin na marka ba ne mai sauka a hankali. Hadari ne da kan taso daga gabas, galibi da yamma ko da dare, da iska mai ƙarfi a gabansa. Irin wannan iska kan kwantar da riɗin da ke tsaye, ta kaɗe kwanson da ya soma tsagewa, ta kuma watsar da damin da aka jingine.

Illar ruwan ƙarshe ta danganta da matakin da gona take. Idan kwanso bai gama cika ba, ruwa ɗaya mai kyau alheri ne, domin shi zai ƙarasa ƙwayoyin sama. Idan riɗi ya ƙosa yana tsaye, jiƙewa da bushewa a jere kan gaggauta tsagewar kwanso. Idan kuwa an riga an yanka, ruwan da ya shiga cikin dami kan jawo funfuna, ya baƙanta ƙwaya, wani lokaci ma ta tsira tun tana cikin kwanso. A shekarun da damina ta yi nauyi, kamar 2022 da 2024 da ambaliya ta shafi sassa da dama na Jihar Yobe, matsalar kan fara tun kafin wannan mataki, domin gonar da ruwa ya kwanta a ciki saiwarta kan ruɓe.

Manoma na da hanyoyinsu na karanta ƙarshen damina. Suna lura da yawan raɓa da asuba, da juyawar iska zuwa arewa maso gabas, da hadarin da kan haɗu ya watse ba tare da ya zubar ba, da zafin rana mai tsanani da kan biyo bayan ɗaukewar ruwa kafin hunturu ya shigo. Akwai kuma lissafin taurari da malamai da dattawa ke riƙe da shi, wanda ya raba shekara zuwa taurari 28, bakwai ga kowane lokaci, kowanne da kwana 13 in ban da ɗaya mai 14. Fitar taurarin damina da shigowar na kaka, irin su Sarfa da Iwa da Simak, na cikin abin da ake dubawa.

A ɓangaren kimiyya, Hukumar Kula da Hasashen Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da tsawon damina a ƙananan hukumomi, ana kuma fassara shi zuwa Hausa da wasu harsunan ƙasa. Wannan ya fi amfani wajen zaɓen iri da ranar shuka. A makonnin yanka kuwa, abin da ya fi dacewa da manomi shi ne hasashen kwana uku da hukumar ke fitarwa a kai a kai, wanda gidajen rediyo da kafafen labarai ke yaɗawa. Ya kamata a fahimci cewa hasashen na yanki ne. Hadarin ƙarshen damina na iya jiƙa wani ƙauye sharkaf ya bar maƙwabcinsa a bushe. Amfaninsa shi ne ya nuna ko kwanakin da ke tafe na haɗari ne, sauran kuma sai manomi ya haɗa da abin da idonsa ya gani.

Daga yanka zuwa kakkaɓa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ranar yanka, manomi na buƙatar ya tanadi lauje da igiya da tamfol da buhuna masu tsabta, ya share wurin da zai jingine dami, ya kuma yi magana da 'yan ƙwadago, domin a wannan lokaci kowa na nemansu, ga gyaɗa da wake su ma suna jira.

An fi son yanka da sassafe, lokacin da raɓa ta tausasa kwanso. Ana ɗaure karan a ƙananan dammai domin iska ta ratsa, a tsayar da su kai a sama, a jingina su da juna ko a jikin sandar da aka gicciye. Ba a kwantar da su a ƙasa, ba a kuma tara su tuli guda, domin zafi da laima kan taru a tsakiya. Wurin da ya fi dacewa shi ne mai tudu, wanda aka share aka daɓe, ko aka shimfiɗa wa tamfol domin tare abin da zai zuba.

Bushewa kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon rana da iska. A wannan tsakani ƙwayoyin da suka kusa ƙosawa kan ƙarasa, kwanso kuma ya buɗe yana kallon sama, tsabarsa na ciki. Ranar kakkaɓa, akan bari rana ta ɗaga raɓa ta bushe, sannan a ɗauki dami a hankali, a juya kansa ƙasa a kan tamfol, a bubbuga da sanda. Da yawa kan sake tsayar da damin na wasu kwanaki su yi kakkaɓa ta biyu. Daga nan sai tankaɗe da sheƙa, a ƙara shanya tsabar a kan tamfol kafin a zuba a buhu.

Abokan gaba a wurin shanya

Kwanakin da dami ke tsaye su ne mafi rauni. Akwai ƙwaron da manoma ke kira sha-mai, wanda ya addabi gyaɗa ma. Yakan ɓuya a ƙarƙashin dami da rana, ya fito da dare ya tsotse man ƙwaya, ya bar ta a yamushe da ɗaci. Gara kan ci karan daga ƙasa, tururuwa da tsuntsaye da ɓeraye kuma su kwashe abin da ya zuba. Maganin farko shi ne tsabtar wurin, da rashin barin dami ya wuce lokacinsa.

Akwai kuma barazanar ɗan Adam. Tun da riɗi ya yi daraja, satarsa a gona ta zama abin kuka a jihohin da ake noma shi, domin ɓarawo ba ya buƙatar komai sai tamfol da sanda da duhun dare. Wannan ya sa manoma da yawa ke kwana a gona har sai an kakkaɓe. Lokacin ne kuma dabbobi ke fara matsowa kusa da gonaki, abin da ke buƙatar fahimtar juna tsakanin manoma da makiyaya da sa idon masu unguwanni da dagatai.

Tsoron sata, da matsin bashin taki, da buƙatun gida, su ne kan tura manomi ya yanka kafin lokaci ko ya kakkaɓe kafin bushewa. Kowanne daga ciki na rage nauyin buhu da darajarsa.

Abin da mai saye ke nema

Kusan rabin nauyin ƙwayar riɗi mai ne, kuma a kansa ake ciniki. Masu fitarwa waje kan duba launi, da tsabta daga ƙasa da tsakuwa, da yawan mai, da kuma laima, wadda ake so kada ta wuce kimanin kashi 6 cikin 100. Riɗin da ruwa ya daka a dami kan rasa farinsa, mansa ya yi maƙaƙi, kuma funfuna na iya haifar da gubar afalatoksin. Wanda aka shanya a ƙasa, inda kaji da awaki da tsuntsaye ke bi, na iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, wadda saboda ita Tarayyar Turai ta sanya riɗin Nijeriya cikin kayan da ake tsananta bincikensu a kan iyaka.

Haka batun maganin ƙwari. Fesa magani a kan dami ko zuba shi cikin buhu na barin saura a jikin ƙwaya. Nijeriya ta riga ta ga sakamakon irin wannan a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenta saboda yawan sinadarin dikulobos da aka samu a ciki. Hukumar Killace Kayan Gona ta Ƙasa, wato NAQS, ita ke ba da takardar shaidar lafiyar kaya kafin fitarwa, amma babu takardar da za ta gyara abin da ya lalace tun a gona.

Ba manomin riɗi kaɗai ba

Wannan zaman ɗar-ɗar na makonnin ƙarshe sananne ne ga duk mai noman abin da ingancinsa ya rataya a kan ranar girbi. Misali mafi kusa shi ne inabi. A Ƙaramar Hukumar Kudan da ke kusa da Zariya, inda noman inabin ci ya bunƙasa, manoma kan daidaita askin itacen domin 'ya'yan su nuna bayan ɗaukewar ruwa, saboda ruwan sama kan fasa nunannen inabi ya ruɓar da shi. A Faransa, inda ake sarrafa akasarin inabi zuwa giya, masu gonaki kan auna zaƙi da tsamin 'ya'yan kusan kullum gab da tsinka, suna bin hasashen ruwa da ƙanƙara.

Abin koyi daga gare su shi ne rubutu. A garin Beaune na yankin Burgundy, akwai tarihin ranakun fara tsinkar inabi tun daga 1354. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa daga 1988 zuwa lokacin, ana fara tsinka da kimanin kwana 13 kafin yadda aka saba a ƙarnonin baya, saboda ɗumamar yanayi. Da ba a rubuta ba, da ba a gane ba.

Manomin Fune ma na iya yin haka da ɗan littafi ko wayar hannu: ranar shuka, sunan iri, ranar fara fure, ranar ruwan ƙarshe, ranar yanka, ranar kakkaɓa, da yawan buhun da aka samu. Bayan damina huɗu ko biyar, zai ga irin da ya dace da gonarsa da ranar shukar da ke kai shi yanka bayan ɗaukewar ruwa. Malaman gona na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na jihar su ma za su fi iya ba shi shawara idan ya zo musu da irin wannan bayani a hannu.